Muhawara: Me ya sa Bature ke biyan kuɗi ya kwanta a rana, mu kuma muna neman inuwa?

Aminu (Ƙofar Doka): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata tambaya ga masana. Mu a nan mutum na kewaya hanya don ya bi gefen da ke da inuwa, amma Turawa har jirgi suke shiga su je bakin teku su shimfiɗe a rana tsaka. Tun asali haka suke, ko wani abu ne ya same su daga baya? Kuma mu Hausawa, akwai abin da za a kira son rana a al'adarmu?

Malam Shehu (Samaru): Wa alaikumus salam, Aminu. Ba tun asali ba ne, abin bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. Kafin nan, a Turai baƙin rana a fata alamar talauci ce, domin manomi da ɗan ƙwadago ne ke yini a fili. Matar mai hali ba ta fita sai da laima da safar hannu da hula mai faɗi, wasu har hodar da aka haɗa da dalma suke shafawa don fuska ta yi fari, ga ta kuwa guba. Abin da ya juya al'amarin hayaƙin kwal ne. Da masana'antu suka cika biranen Ingila da Jamus, talaka ya bar gona ya koma ɗaki mai duhu a lungun da rana ba ta leƙawa, sama kuma ta toshe da hayaƙi. Sai ƙasusuwan yara suka yi ta lanƙwashewa, tarin fuka ya yi ta kisa. A 1890 wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Japan, Theobald Palm, ya lura cewa ciwon ƙashin nan ya fi yawa inda rana ta yi ƙaranci, ko da kuwa mutanen wurin sun fi wadata. A 1903 aka ba Niels Finsen na Danmak kyautar Nobel saboda maganin tarin fuka na fata da haske, kuma a shekarar ce Auguste Rollier ya buɗe asibiti a Leysin, kan duwatsun Suwizalan, inda ake fito da marasa lafiya baranda da gadajensu. Shi ma ba haka kawai yake jefa mutum a rana ba: daga tafin ƙafa ake farawa, 'yan mintuna kaɗan, ana ƙarawa kowace rana har a kai ƙirji, kai kuma a rufe. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yaran Barlin masu lanƙwasasshen ƙashi da hasken fitila ta musamman, a 1922 aka raɗa wa bitamin D, sinadarin da ke kare ƙashi daga wannan ciwo, suna. To, sai da likitoci suka gama share fage sannan 'yan gayu suka shigo. Ana yawan jingina farkon yayin ga Coco Chanel, mai ɗinkin nan ta Faransa, a shekarun 1920, amma a ganina hutu da albashi ne ya kai abin ga talakawa: Faransa ta ba ma'aikata mako biyu a 1936, Birtaniya ta yi tata dokar a 1938. Daga nan fatar da rana ta dafa ta zama shaidar cewa mutum yana da halin zuwa hutu.

Injiniya Nura (Sabon Gari): Malam, a ƙara da lissafi. A Landan, yinin ƙarshen Disamba bai cika awa takwas ba, ranar ma can ƙasa-ƙasa take, yawanci bayan gajimare. A garin Tromso na Norwe ba ta fitowa kwata-kwata daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Zariya kuwa tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi gajarta wajen awa goma sha ɗaya da rabi ne, mafi tsawo bai kai goma sha uku ba. Wanda ake yi wa rowar abu wata huɗu dole ya yi marmarinsa.

Yusuf (Gyallesu): Ke nan an amsa wa Aminu tambayarsa ta biyu. Bahaushe ba ya son rana, kuma bai taɓa so ba. Ku duba maganarmu: wanda ya wahala a ce ya sha rana, mai taimako a ce inuwa ne, mai rowa ga nasa a ce inuwar giginya. Duk yabon na inuwa ne.

Hajiya Rabi (Tudun Wada): Yusuf, ɗana, ban yarda ba. Ka fita da ƙarfe takwas na safe a watan Janairu ka ga jikin kowace katanga da ke fuskantar gabas. Tsofaffi a jere, almajirai da allunansu, awaki ma nan suke taruwa. Shan hantsi al'ada ce mai lokacinta da wurinta. Sannan wace mace ce ba ta ɗaga kai ta dubi sama kafin ta jiƙa gero ko ta yanka kuɓewa? A watan Agusta in aka yi kwana uku ana marka, har addu'a ake yi rana ta fito. Muna son ta, sai dai son ma'aikaciya muke yi mata, ba mu kwanta mata.

Malam Ibrahim (Kwarbai): Hajiya ta faɗi daidai, kuma akwai hannun addini a ciki. Mutanen da suka wuce gona da iri a son rana har bauta mata suka yi. Fir'auna Akhenaten na Masar, fiye da shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya rushe matsayin sauran gumakan ƙasarsa ya ce faifan rana kaɗai za a bauta wa, har sabon birni ya gina don haka. Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Saba'i da aka samu suna yi wa rana sujada, a Suratun Namli, kuma a Suratu Fussilat aka ce kada a yi sujada ga rana ko wata. Shi ya sa aka hana nafila lokacin da take hudowa da lokacin da take faɗuwa. Akwai kuma hadisin mutumin da ya yi bakancen tsayuwa a rana yana azumi ba magana, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a umarce shi ya shiga inuwa, ya zauna, ya yi magana, ya cika azuminsa. Aka kuma ce in zafi ya tsananta a jinkirta azahar har gari ya ɗan yi sanyi. Musulunci ya mayar da rana agogo, bai mayar da ƙonuwa a cikinta ibada ba.

Aminu (Ƙofar Doka): Allah ya gafarta Malam, yaya ake auna lokacin da inuwa? Ana faɗa a karatu amma kaɗan ne suka iya aikatawa.

Malam Ibrahim (Kwarbai): A sami fili mai laushi wanda bai karkata ba, a kafa sanda miƙaƙƙiya, a ce tsawonta mita ɗaya daga ƙasa. Tun da walaha a riƙa yin alama a ƙarshen inuwarta duk bayan minti goma. Inuwar za ta yi ta raguwa har ta tsaya. Wannan mafi gajartar ita ce inuwar zawali. Da ta fara ƙaruwa ta ɓangaren gabas, azahar ta shiga. La'asar kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya, sai inuwar ta kai tsawon sandar haɗe da inuwar zawali. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da wannan ƙarin, mutum ya ga inuwa ta kai tsawon sanda ya ce la'asar ta yi. Injiniya zai fi ni sanin adadin.

Injiniya Nura (Sabon Gari): Na'am, Malam. A Zariya, sandar mita ɗaya inuwar zawalinta a ƙarshen Disamba wajen santimita 68 ce, ta nufi arewa, ke nan la'asar sai ta kai 168. A ƙarshen Yuni wajen santimita 22 ce, ta nufi kudu. Sau biyu a shekara, bayan tsakiyar Afrilu kaɗan da kuma ƙarshen Agusta, rana na bi ta tsakar ka sosai, inuwar ta kusa ɓacewa. Kuma zawalinmu ba ƙarfe goma sha biyu daidai ba ne, yana yawo tsakanin sha biyu da kwata a farkon Nuwamba da ɗaya saura kwata a tsakiyar Fabrairu.

Dakta Hadiza (Shika): Ina so in koma kan maganar Malam Shehu, domin akwai tarko a ciki. Wani zai karanta ya ce tunda rana ce ta warkar da yaran Turai, yaron da ke da gwame ko ƙafar baka a nan ma rana ce ta yi masa kaɗan. Galibi ba haka ba ne. An yi bincike a Jos, aka buga a 1999, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, kan yara 123 masu wannan ciwo. An raba su uku: wasu bitamin D, wasu kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi), wasu duka biyun. Waɗanda suka sami kalsiyam, shi kaɗai ko a haɗe, sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Abincin yaran wajen miligiram 200 na kalsiyam yake ba su a yini, abin da bai kai rabin buƙatarsu ba. Dalilin a bayyane yake: an yaye yaro an ɗora shi kan koko da tuwon masara, ba nono ba madara, hatsin kuma yana da wani sinadari da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin ya hana hanji tsotsarsa. Abin da ke taimakawa a cikin abincinmu: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake daka su da ƙashinsu, kuka, zogale, riɗi, da kunun tamba. Alamun da uwa za ta duba, ban da ƙafa: kumburin wuyan hannu, ƙulle-ƙulle a jikin haƙarƙari, maɗiga da ta daɗe ba ta rufe ba, jinkirin tafiya. In an ga haka a kai asibiti a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, magani kuma na watanni ne, wajen shida, ba na mako ɗaya ba.

Yusuf (Gyallesu): To Likita, ashe maganar da ake yi cewa a sha ranar safe don bitamin D ba ta shafe mu ba?

Dakta Hadiza (Shika): Ta shafi wasunmu, amma yadda ake faɗarta akwai gyara. Hasken da ke sa fata ta haɗa bitamin D, wanda ake kira UVB, yana da rauni ƙwarai da sassafe, domin sai ya ratsa iska mai kauri kafin ya iso. Ranar ƙarfe bakwai tana ɗumama jiki, amma aikin bitamin kaɗan take yi, balle in hazo ya sauka. Ma'aunin mai sauƙi ne: in inuwarka ta kusa tsawonka ko ta gaza, hasken ya yi ƙarfi. A nan hakan na farawa wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma da rabi, gwargwadon wata. Ba ya ratsa gilashin taga, ba ya ratsa tufa mai kauri. Baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. Abin da fata ta haɗa sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda, kafin ya yi aiki, shi ya sa mai ciwon ƙoda na iya rasa shi ko da yana yini a gona. Waɗanda nake jin tsoro dominsu su ne matan da ba su fita, tsofaffin da ke kwance a ɗaki, da jariran da iyayensu mata ke da ƙaranci. A da tsakar gida ta wadatar: mace na daka, tana wanki, tana shanya, hannu da ƙafa a buɗe, ba wanda ke ganinta. Yanzu ana gina gida a rufe shi ruf da kwano, kicin a ciki, banɗaki a ciki. Minti ashirin zuwa talatin a tsakar gida da walaha, hannuwa da ƙwauri a buɗe, 'yan kwanaki a mako, ya isa mafi yawan mutane.

Alhaji Tanimu Magini (Babban Dodo): Likita, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Magabatanmu sun san rabon rana da inuwa a gini. Katangar tubali mai kaurin kamu biyu ko fiye tana shanye zafin yini, ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗari kuma ya yi ɗumi da dare, da bazara a fito tsakar gida a kwana. Taga ƙarama ce, can sama, hayaƙi da iska mai zafi su fita, rana ba ta sami ƙofa ba. Rufin azara da ƙasa a kai shi ma haka yake aiki. Ku shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ku ji yadda iskar ciki take. Amma ba su toshe rana gaba ɗaya ba, sun bar mata tsakar gida, sun bar wa baƙo zaure, ga rimi da durumi da ceɗiya a dandali. Yau bulo inci shida, kwano ba silin, babbar taga ta gilashi tana kallon yamma. Da la'asar ɗakin ba ya shiguwa, sai a ce laifin wuta ne da ba a kawo ba.

Aminu (Ƙofar Doka): Baba, wanda zai yi ginin bulo yanzu fa, me zai kiyaye?

Alhaji Tanimu Magini (Babban Dodo): In fili ya ba da dama, dogayen katangu su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Yamma ce muguwa, domin ranar la'asar ta kwanto take dukan katanga lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Can za ka sa banɗaki da sito, ba ɗakin kwana ba. Bakin kwano ya fito aƙalla ƙafa biyu. A tagar kudu wannan ya isa ya tare ranar Maris da Afrilu, da ɗari kuma ta ɗan leƙo ta ƙasan tagar, lokacin da ake son ta. A yamma bakin kwano ba ya aiki, sai rumfa ko bishiya. In darbejiya ce ko mangwaro, a nisanta ta da katanga kamar taku shida zuwa takwas saboda saiwa. A sa silin, a bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano ta gefe biyu, in ba haka ba zafin yana nan a tare yana sauko maka har tsakar dare.

Injiniya Nura (Sabon Gari): Ga masu sola kuma: farantin ya kalli kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, ruwa da ƙura za su zauna. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta wuce, domin haske yake so, zafi na rage masa ƙarfi, wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digirin zafi sama da 25. Da hunturu a wanke shi da ruwa zalla da sassafe kafin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya ko ta tankin ruwa a kan faranti guda tana iya jawo duk layin ƙasa.

Hajiya Rabi (Tudun Wada): Bari in faɗi na shanya, tunda nan ne asarar take. Masara ba ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. Wanda ba shi da na'ura ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba ƙwayar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara busasshen gishiri cokali biyu, ya rufe ya girgiza, ya ajiye kamar minti goma sha biyar. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar rana. Kada a shanya a ƙasa tsirara ko gefen kwalta, a kan tamfol ko daɓe, kaurin bai wuce yatsu uku ba, ana juyawa, a kwashe kafin raɓa. Masara da gyaɗar da aka tara da danshi su ne ke yin fumfunar da ke haifar da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wake kuma ana kashe masa ƙwaro da rana: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe bakin a danne da duwatsu. Awa biyu da rana tsaka sun isa su kashe ƙwaron da ƙwansa, sannan a bari ya huce kafin a zuba a buhu mai leda biyu a ɗaure. Amma ganye ba haka ba: zogale da kuka da lalo a inuwa ake busar da su inda iska ke kaɗawa. Rana na cinye koren da amfanin.

Maman Ilham (Hanwa): Likita, don Allah jaririn da ya yi shawara fa? Tsofaffi na cewa a fito da shi hantsi.

Dakta Hadiza (Shika): Maman Ilham, wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Gaskiya ne haske na narkar da sinadarin da ke sa jariri ya yi rawaya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ma a Ingila, Jean Ward, ta fara lura da haka a 1956, daga nan aka ƙera fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta. Amma fito da shi hantsi a gida ba magani ba ne. In an tuɓe shi da safe sanyi ya kama shi, in rana ta yi ƙarfi ya ƙone ko ruwan jikinsa ya ƙare, mafi muni kuma ana ɓata kwanakin da sinadarin ke hawa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya kurumta ne, ko sanƙarewar jiki har abada, ko rasa rai. An gwada amfani da rana a wani asibitin haihuwa a Legas, aka buga sakamakon a 2015, ya kuma yi kyau, amma a ƙarƙashin rumfa mai leda ta musamman da ke tace haske mai ƙuna, ma'aikata na auna zafin jikin jaririn a kai a kai, ana gwada jini. Yadda za ki duba: a wuri mai hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba, ki danna goshinsa ko hancinsa da yatsa ki ɗaga, ki dubi farin ido da dasashi. In rawayar ta bayyana a kwanan farko, ko ta sauka ciki da ƙafafu, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi tsini, ko yana banƙarewa, asibiti a ranar. A ci gaba da ba shi nono akai-akai. A kuma raba kayansa da kafur, domin jariranmu da yawa, musamman maza, suna da wani rauni na gado a jini wanda kafur ke sa jinin ya farfashe.

Malam Shehu (Samaru): Su ma Turawan sun biya kuɗin wuce gona da iri. Da aka sami maganin tarin fuka a shekarun 1940 asibitocin rana suka mutu, yayin kwanciya a rana ya rage shi kaɗai, kansar fata ta biyo baya. Ostareliya, inda farar fata ta haɗu da rana mai ƙarfi, sai da ta fara gangami a 1981 tana roƙon mutane su sa riga da hula su shafa man kariya.

Yusuf (Gyallesu): Mu dai wannan bai same mu ba, fatarmu ta tsare mu.

Dakta Hadiza (Shika): Ta tsare mafi yawanmu, ba duka ba, Yusuf. Zabiya ba shi da wannan garkuwar ko kaɗan, kuma kansar fata na kashe su tun suna matasa. Yaro zabiya na buƙatar malfa mai faɗi da ta rufe kunne da wuya, riga mai dogon hannu mai kaurin saƙa, tabarau, da man kariya mai lamba 50 a fuska, leɓe, kunne da bayan hannu, ana sabuntawa duk awa biyu in yana waje. Kada a tura shi talla ko kiwo tsakanin ƙarfe goma da huɗu, a makaranta a zaunar da shi gaba, nesa da taga. Duk gyambo ko ɓawon da ya wuce wata ɗaya bai warke ba a nuna wa likitan fata. Masu shafa man bilicin su ma sun kankare tasu garkuwar, shi ya sa kumatu da bayan wuya ke yin baƙi ƙirin in rana ta doke su, kuma wannan tabon da wuya yake fita.